Hukuncin Bayan Ido a kan Tsohon Bashi

Hukuncin bayan ido shi ne wanda kotu ke yankewa idan an aika wa mutum sammaci bai zo ba, bai kuma aiko da kariya ba. Sau da yawa wanda ake bi bashi ba ya sanin an yi shi sai ranar da banki ya rufe masa asusu, ko ma'aikatan kotu suka tsaya a ƙofar shagonsa suna rubuta kayan da za a yi gwanjonsu.

Irin wannan hukunci yana warwaruwa, amma ba ya son jinkiri. Abin farko shi ne zuwa wurin rajistaran kotun a karɓi kwafin hukuncin da takardar shaidar kai sammaci. A nan ne maganar take. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa haƙƙin a ji ta bakinsa, don haka in ta tabbata sammaci bai isa gare shi yadda doka ta tanada ba, kotu za ta soke hukuncin. Sai dai a kula: takardar da aka manna a ƙofar gida bisa umarnin alƙali, a idon doka ta isa hannu.

Wanda sammaci ya same shi kuwa sai ya shigar da roƙon sokewa a kotun da ta yanke hukuncin, haɗe da takardar rantsuwa mai bayyana uzurinsa da kariyar da yake da ita. "Na manta" ba uzuri ba ne. Rasit na biya, ko kuskure a lissafin kuɗin ruwa, su ne ke da nauyi. Shigar da roƙon kaɗai ba ya hana kwashe kaya, sai an nemi umarnin dakatarwa daban.

Tsufan bashin ma kariya ce. Dokokin jihohi sun sa wa'adin kai ƙarar bashi, shekara 6 a Legas, wasu jihohin 5. Amma biyan wani ɓangare ko amsa bashin a rubuce yana sabunta ƙidayar. A shari'ar Musulunci kuwa daɗewa ba ta kashe bashi.

In bashin gaskiya ne, an fi samun sauƙi a nemi kotu ta yarda a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Marar halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976.