Me Ya Sa Ake Keɓe Wa Damisa Daji Sukutum?

Tambaya: Na gani a waya wai a Indiya an keɓe dazuzzuka saboda wata damisa mai ratsi, alhali mu nan gonar albasa ma sai mai rabo. Akwai irinta a ƙasarmu? Kuma ina amfanin haka? Daga wani manomi a Danwarai, Jihar Kebbi.

Amsa: Wadda ka gani ba tamu ba ce. Tamu roɗi-roɗi gare ta, waccan kuwa ratsi, ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, kuma babu ita a dajin Afirka ko ɗaya. A 1973 gwamnatin Indira Gandhi ta keɓe mata gandayen daji tara, lokacin da ƙidaya ta nuna waɗanda suka rage ba su kai 2,000 ba. A ƙidayar 2022 sun haura 3,000.

Faɗin dajin kuwa dole ne. Damisa barewa take ci, barewa sai da ciyawa, ciyawa sai da ruwa. In ka tsare ta, ka tsare rafin da manomin gefe yake ban ruwa da shi.

Mu namu gandun dajin shi ne Yankari a Bauchi, wanda aka keɓe a 1956, inda giwaye suka samu mafaka. Amma ni labarin Kure, kusa da Yamai, ya fi burge ni. Can babu shinge. Raƙuman dawa cikin gonakin gero suke kiwo, su miƙa wuya su tsinki ganyen gawo, wani lokaci su yi wa mutum ɓarnar wake yana ji yana gani. A 1996 saura 49 kacal. Da aka hana farautarsu, aka ɗauki 'yan ƙauyen aikin yi wa baƙi jagora, aka tallafa musu da rijiyoyi da ƙananan rance, sai ga su sun wuce 600.

Ƙorafinka dai yana kan hanya. A Indiya, in damisa ta kashe saniya, hukuma tana biyan diyya, ko da yake akan sha jira. Wannan ne nake ganin ya kamata a yi wa manoman shinkafa na Yawuri, waɗanda dorina ke shigar musu gona da dare, gari ya waye a tarar da sawu da tattakakken kara.