Shawarwari Shida Kan Yaƙi Da Tsutsa A Gida Da Gona

Sauro da ƙuda da ƙwaron wake ba da fiffike suke fara rayuwa ba. Uwa ta saka ƙwai, ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ta ci ta ƙoshi, ta yi kwanton 'yan kwanaki, sannan ta fito tana tashi. Tun tana tsutsa ake cin galabarta, domin ba ta da wurin gudu. Mu mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da ke zaune tsakanin ruwan Tiga da tafkin Bagauda da gonakin masara, wannan yaƙi namu ne.

1. A leƙa randa da duro. Idan an ga wasu ƙananan abubuwa suna wutsil-wutsil, suna hawowa saman ruwa su shaƙi iska, su nutse da zarar an taɓa randar, 'ya'yan sauro ne. A lokacin zafi, kwana 7 zuwa 10 sun ishe su zama sauro. Don haka a juye ruwan duk mako, a cuɗe cikin randar, a rufe ta.

2. A kawar da kwantaccen ruwa. Sauron da ke kawo zazzaɓi ya fi son ruwa mara zurfi da rana ke duka, kamar ramin da aka ɗebi ƙasar gini, da sawun kofaton shanu, da taɓon bakin rijiya. A cike su da ƙasa, a kife tsohuwar taya da gwangwani. Duk da haka, kada a daina kwana cikin gidan sauro.

3. A kula da masai da turke. A can ƙuda ke zuba ƙwai, daga can kuma yake tasowa ya sauka kan tuwon yara. A yi wa bakin masai murfi, a riƙa barbaɗa toka, a kwashe kashin dabbobi a kai gona tun bai taru ba.

4. Kada a shanya kayan yara a ƙasa. Akwai ƙudan da ke saka ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa ko a kan ɗanyen wanki, tsutsarsa ta shige fata, ta yi kumburi mai kama da maruru da ɗan rami a tsakiya. A shanya a igiya cikin rana, a yi guga. Idan tsutsar ta riga ta shiga, a kai yaron asibiti, kada a tona da allura.

5. A adana wake ba tare da guba ba. Tun daga gona ƙwaro ke manna ƙwansa, tsutsar kuma a cikin ƙwayar take ci, sai ta fita ake ganin huda. A busar da wake sosai, a zuba a buhun PICS mai ninki uku ko jarka mai murfi, a ɗaure tamau. Rashin iska ne zai kashe tsutsar. Fiya-fiya ba ta abinci ba ce, kada a kusanto da ita.

6. A zagaya gonar masara da sassafe. Tsutsar da ta ɓulla a Najeriya a 2016, wadda asalinta nahiyar Amurka ce, a cikin zuciyar masara take ɓuya. Alamarta ganye mai huje-huje da kashi kamar dusa. A murƙushe tarin ƙwan da aka gani a ganye, a tsince tsutsar, a zuba yashi ko toka a zuciyar shukar. Idan ta yi yawa, a nemi malamin gona ya faɗi maganin da ya dace, a yi feshi da yamma lokacin da take fitowa ci.

Maigida da uwargida su tsayar da rana guda a mako don wannan zagaye, su ja yara a jiki su koya musu gane tsutsa. Aikin ba ya cin kuɗi, amma yana tsare lafiyar iyali da abincin shekara.