In Dangin Majinyaci Suka Ɗaga Hannu

Wata nas mai aikin dare a sashen agajin gaggawa ta rubuto mini. An kawo saurayi da ya yi hatsarin babur, ita kuma tana kan wani dattijo da numfashinsa ke sarƙewa, sai yayan yaron ya ci kwalarta yana cewa ta wulaƙanta su. Washegari aka ce ta yi haƙuri, magana ta wuce.

Sannu, 'yar'uwa. Abin da aka yi miki laifi ne, kuma ba a kanki aka fara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 8 zuwa 38 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya kan gamu da duka ko makamancinsa a tsawon aikinsu. Zagi da barazana kuwa sun fi haka yawa.

Yawanci a kan bencin jira wutar ke kamawa. A sashenku ba a bin layi, wanda rayuwarsa ta fi shiga haɗari shi ake fara dubawa. Ke kin san haka. Wanda ya ɗauko ƙanensa jina-jina bai sani ba, abin da idonsa ya nuna masa kawai an wuce shi. In aka ƙara masa da "babu gado" ko "je ka biya tukuna", duk fushin kanki zai sauka, ke da ke gabansa. Alhali Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, wata doka ta 2017 kuma ta wajabta a kula da wanda aka harba ba sai da takardar 'yan sanda ba. Asibitin da ya kiyaye su ya rage wa ma'aikatansa faɗa.

Saboda haka kada a bar dangi cikin duhu. Ku nemi babba ɗaya a cikinsu, ku gaya masa wanda ake dubawa yanzu da dalili, a riƙa dawo masa da bayani ko jimla biyu ce. In murya ta fara tashi, sassauta taki, ki ja da baya kaɗan, ƙofa tana kusa da ke. Labarin rasuwa kada ki kai shi ke kaɗai a tsaye a baranda. A zaunar da su a ɗaki, ku biyu.

Sauran na shugabanni ne: mai gadi da aka horar a bakin ƙofa, mai jinya ɗaya ko biyu kawai a ciki, ƙararrawar neman ɗauki, haske da kyamara.

Wancan "yi haƙuri" shi ya fi damuna. Ki yafe in kin so, amma ki rubuta rahoto da lokaci da shaidu, ki ba shugabar sashe, ki kai kwafi ga ƙungiyarku ta ma'aikatan jinya da ungozoma. In barci ya ƙaurace miki, ko gabanki na faɗuwa duk sanda dutin dare ya zagayo, ki nemi ganin likita, ki kuma roƙi a sauya miki wurin aiki na ɗan lokaci.