Dangin Mazarƙwaila da Ke Ɗaukar Lantarki

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin gwaji na sashen lantarki ya san waya tana ɗaukar zafi. Zafin nan asara ce, turjiyar da ƙarfe ke yi wa lantarki ke jawo ta. A 1911, Kamerlingh Onnes na ƙasar Holan ya sanyaya zaiba zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, sai turjiyar ta ɓace ƙurmus.

To, zaiba ƙarfe ce. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne dangin kabon. Ku ɗauki mazarƙwailar Makarfi ko raken Kudan: sukarin da ke cikinsu kabon ne ƙashin bayansa, kuma ba ya barin lantarki ya wuce ko kaɗan. Amma a 1980, Klaus Bechgaard na Denmak da Denis Jérome na Faransa suka samu wani gishiri mai tushen kabon, (TMTSF)2PF6, wanda turjiyarsa ta ɓace a digiri 272 ƙasa da sifili, bayan an matse shi da matsin da ya ninka na iska sau dubbai.

Yaya abin yake faruwa? Ilektiron biyu, da a ka'ida ba sa ga-maciji, sai su ƙulla abota su riƙa tafiya bibbiyu. Bayanin Bardeen da Cooper da Schrieffer na 1957 ya ce girgizar atam ce ke haɗa su. A kayan kabon kuwa, masana da yawa na ganin maganaɗisun ilektiron ɗin ne da kansa dillalin auren. Shi ya sa ake cewa sun saɓa wa al'ada.

Kowane ilektiron ɗan ƙaramin maganaɗisu ne mai kai da gindi. A zaiba, abokan biyu kai da ƙafa suke kwanciya, don haka maganaɗisu mai ƙarfi na iya raba su, tunda yana tilasta musu fuskantar gefe guda. Gishirin Bechgaard ya jure maganaɗisun da ya zarce lissafi, har aka yi zaton tun asali gefe guda suke fuskanta. Sai awon 2007 a kan ɗan'uwansa mai ClO4 ya nuna kai da ƙafa ne, in maganaɗisun bai yi ƙarfi ba. Ni dai na fi karkata nan, duk da gardamar ba ta mutu ba.

Kar wani ya sa ran ganin wayar kabon a turakun Ikara nan kusa. Waɗanda suka fi juriya a dangin BEDT-TTF, in ba a matse su ba, sai an kai wajen digiri 261 ƙasa da sifili suke aiki.