Amsoshin Tambayoyinku: Kiɗan Punk a Landan

Malam mai sauraronmu daga Damagaram, ka tambayi labarin kiɗan Punk. Alal haƙiƙa, sa'ad da na sauka Landan a 1976, zamanin da rashin aiki ya addabi samarin Ingila, na riski mabiya ƙungiyar Sex Pistols suna taruwa a titin King's Road, tufafi a yayyage, gashi a rine, suna bayyana fushinsu ga mahukunta da kiɗa mai kaushi. Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne ranar 30 ga Afrilu 1978, da ƙungiyar Clash ta yi wasa a Victoria Park, dubban jama'a, farare da baƙaƙe, suka hallara domin la'antar wariyar launin fata.