Yadda Ƙera Kayan Yaƙi Ya Farfaɗo Da Tattalin Arzikin Amurka

A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta birnin New York ta faɗi, tattalin arzikin Amurka ya karye. Bankuna dubbai suka rufe. Ya zuwa 1933, mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ba shi da aikin yi. Shugaba Roosevelt ya fito da ayyukan gina hanyoyi da madatsun ruwa, an kuwa sami sauƙi, amma har 1940 marasa aiki sun haura kashi 14 cikin ɗari.

Ya kamata mai karatu ya lura da asalin cutar. Injuna suna nan, ma'aikata suna nan, ƙarfe da gawayi ba su ƙare ba. Mai saye ne ya ɓace. Wanda aka sallama daga aiki ba ya sayen kaya, mai masana'anta kuma ba ya ƙera abin da ba zai sayar ba, sai shi ma ya rage ma'aikata.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a Disamba 1941, sai Gwamnati ta zama babbar mai saye. Ta ƙara haraji, ta ci bashi mai yawa daga jama'arta, ta ba kamfanoni kwangila. A farkon 1942 aka dakatar da ƙera motocin farar hula, kamfanin Ford ya koma yin jiragen sama masu jefa bom. Kafin yaƙi ya ƙare an ƙera jiragen sama kusan 300,000. Mata miliyoyi suka kama aikin masana'anta, kuma a 1944 marasa aiki ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba.

Sai dai kada a ɗauka jama'a sun shiga daula nan take. Mutum fiye da miliyan 12 suna cikin soja a 1945, wannan kaɗai ya rage masu neman aiki ƙwarai. Sukari da nama da man fetur duk da kati ake sayensu, saboda haka albashi ya taru a ajiya, sai bayan yaƙi aka fito da shi aka sayi gidaje da motoci. Bugu da ƙari, bom bai taɓa masana'antun Amurka ba, alhali na Jamus da Japan sun zama kufai.

Nijeriya ma ta ɗanɗana. Ingila ta matsa neman gyaɗa da kuza, har aka tilasta wa mutane aikin haƙar kuza a Jos daga 1942. Kaya suka yi tsada, albashi bai bi su ba, abin da ya kai ga babban yajin aiki na 1945.