Ɗaura Bel a Mota: Yadda Ya Dace ga Mai Juna Biyu da Iyalinta

Ya ke mai juna biyu, wataƙila kin ji ana cewa bel ɗin mota yana matse ɗan da ke ciki. Gaskiyar magana ita ce, babu kariyar da ta fi masa kamar ki tsira da lafiyarki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi ga wanda ke zaune a gaban mota. Amma sai an ɗaura shi daidai yake yin aikinsa.

Yadda za ki ɗaura

Bel yana da ɓangare biyu. Na ƙasa ya bi ta ƙarƙashin cikinki, ya kwanta a kan ƙashin ƙugu da saman cinyoyi. Kada ki yarda ya hau kan ciki. Na sama ya bi ta tsakiyar kafaɗa, ya ratsa tsakanin nonuwa, ya sauka ta gefen ciki. Kada ya gogi wuya, kada ki tura shi ƙarƙashin hammata ko bayanki. Ki ja shi ya kama jiki, ba tare da ya murɗe ba.

Dalili shi ne, ƙashin ƙugu da na ƙirji suna iya jure ƙarfin karo. Ciki kuwa ba shi da ƙashin da zai tare shi, bel ɗin zai nutse ya ji wa hanji ko mahaifa rauni.

Idan ke ce ke tuƙi, ki ja kujera baya, a sami tazarar kamar santimita 25 tsakanin ƙirjinki da sitiyari.

Yaran da suka tasa

An yi bel ne daidai jikin babba. Yawancin yara ba ya zauna musu daidai sai tsayinsu ya kai kusan santimita 145, tsakanin shekara 8 zuwa 12. Ki zaunar da yaron ki duba: bayansa ya jingina da kujera? Gwiwoyinsa sun lanƙwashe a bakinta? Bel ɗin yana kan cinya da kafaɗa? Idan ya hau tumbi ko wuya, yana bukatar kujerar yara mai ƙara tsayi. Yaron da bai kai shekara 13 ba, kujerar baya ce wurinsa. Mutum biyu ba sa haɗa bel ɗaya, ko da uwa ce da ɗanta.

Idan an yi haɗari

Ko da ƙarami ne, kuma ba ki jin ciwo, ki zo asibiti a ranar. Mabiyiya tana iya rabuwa da jikin mahaifa ba tare da alama ta fito nan take ba. Zubar jini, fashewar ruwa, ciwon mara ko raguwar motsin ɗa, duk ba sa jiran gobe.

Maigida, kai ma ka ɗaura kafin ka tada mota, domin yara abin da suka gani suke yi. Allah ya sauke ki lafiya, ya tsare mu a hanya.